An ce damuwata ƙarama ce, alhali ta kusa shekara biyar

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Gusau tana cewa:

"Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, shekaruna 36, ina da 'ya'ya huɗu. Yau kusan shekara biyar ke nan rabona da jin daɗin raina. Ba na kuka, ban kuma taɓa fasa zuwa aiki ko ɗora tukunya ba, amma kullum jikina a mace yake, barcina guntu-guntu, zuciyata a cushe, kuma ina ganin kaina kamar marar amfani. Na sha maganin maleriya da na taifot har na gaji, an yi mini ƙarin ruwa, an yi mini ruƙiya. Watan jiya a wani asibiti wata nas ta karanta mini tambayoyi tara daga wata takarda, ta ce makina 8, wai damuwar ƙarama ce, in rage tunani in riƙa hutawa. Maigidana ya ce tun da asibiti ba su ga komai ba, to hali ne, dama tun ina budurwa ake ce mini miskila. Surukata kuma ta ce ƙarancin tawakkali ne. Shin ciwo ne ke damuna, ko haka Allah Ya yi ni, in haƙura?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da wani ciwo da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, suka kuma san maganinsa, wato ciwon damuwa mai daɗewa, kuma maki 8 da aka ba ki bai isa ya kore shi ba. Tabbatar da shi aikin likitan da zai zauna ya saurare ki ya duba jikinki ne, saboda haka shawarata ita ce ki koma asibiti, amma wannan karon ki koma da shiri, domin abin da ya fi nauyi a labarinki, wato waɗannan shekaru biyar, ba ya cikin tambayoyin da aka yi miki.

Bisa yadda kika kwatanta ta, takardar da nas ɗin ta karanta miki ita ce wadda ake kira PHQ-9. Wasu masana ne a Amurka suka tsara ta, aka wallafa binciken ingancinta a 2001, kuma a yau ana aiki da ita a asibitocin ƙasashe da dama. Tana tambaya a kan abubuwa tara: rashin sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa, ƙuncin zuciya da yanke ƙauna, matsalar barci, kasala, raguwa ko ƙaruwar cin abinci, raina kai, kasa tattara hankali wuri ɗaya, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya har mutane su lura, sai kuma tunanin gara mutum ya mutu ko ya cutar da kansa. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: idan abin bai faru ba ko kaɗan, babu maki, idan ya faru wasu 'yan kwanaki, maki 1, idan ya wuce rabin kwanakin, maki 2, idan kusan kullum ne, maki 3. Jimillar ba ta wuce 27. Daga 5 zuwa 9 ana ɗaukarsa marar tsanani, daga 10 zuwa 14 matsakaici, daga 15 zuwa 19 ya fara tsananta, daga 20 zuwa sama kuma mai tsanani ne. Yawanci a kan maki 10 ake sa iyakar da ke sa ma'aikaci ya zurfafa bincike. Kin ga ke nan nas ɗin ba ta ƙirƙiri maganarta ba, abin da takarda ta nuna ta faɗa miki, kuma ta cancanci yabo da ta yi tambayoyin tun farko, domin mata da yawa masu irin kukanki ana sallamar su da allura da ƙarin ruwa ba tare da an tambayi halin da zuciyarsu take ciki ba.

Inda aka yi gajen hanya shi ne tsayawa a kan makin. Duk tambayoyin nan tara an ɗaure su da sharaɗi ɗaya, wato abin da ya faru a cikin mako biyu da suka wuce. Takardar tana auna nauyin damuwa a wannan ɗan tsakani, babu inda take tambayar tun yaushe abin ya fara. Shi kuwa ciwon damuwa mai daɗewa da tsawonsa ake gane shi. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wadda ake kira DSM-5, inda aka haɗe tsohon ciwon da ake kira distimiya da damuwa mai tsanani da ta ƙi tafiya a ƙarƙashin suna ɗaya, sharaɗin shi ne mutum ya kasance cikin ƙuncin zuciya mafi yawan yini, kuma kwanakin ƙuncin sun fi na sakewa yawa, har tsawon aƙalla shekara biyu ga babba, ko shekara ɗaya ga yaro da matashi. Tare da wannan sai a sami aƙalla biyu daga cikin alamu shida, wato matsalar cin abinci, matsalar barci, kasala, raina kai, wahalar tattara hankali ko yanke shawara, da yanke ƙauna. Sannan a cikin shekarun nan biyu ba a taɓa samun sararin da ya wuce wata biyu a jere ba tare da alamun ba. Mace za ta iya cika duk waɗannan sharuɗɗa alhali makinta bai kai 10 ba, domin ciwon ba lallai ne ya kwantar da mutum ba. Mun san cewa katangar ƙasa takan jure mamakon ruwa na dare ɗaya, amma yayyafin da ya yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba ya jiƙa ta har gindi, kuma wanda ya leƙo sau ɗaya ya ga yayyafi cewa zai yi babu abin tsoro.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a wasiƙarki, wanda nake so ki lissafa da kanki. Kin ce kullum jikinki a mace yake, wannan maki 3 ne. Kin ce zuciyarki a cushe, idan kusan kullum ne, wani 3 ke nan. Barci guntu-guntu da ganin kai marar amfani, ko da fiye da rabin kwanaki kawai suke zuwa, kowanne 2 ne. Tambaya huɗu kacal sun kai ki 10 tun ba a taɓa sauran biyar ba. Ma'ana, abin da kika rubuto mini ya fi abin da kika gaya wa nas ɗin, kuma ban yi mamaki ba. Ana yin tambayoyin nan ne a ɗakin da labule kawai ya raba ki da mata ashirin da ke kan benci riƙe da katinsu, wataƙila har da maƙwabciya ko uwar wani ɗalibinki, ita kuma nas ɗin tana duban takardar Turanci tana mayar da ita Hausa a tsaye, tana sauri saboda layi. Idan ta ce, "Kina yawan jin baƙin ciki?" tarbiyyar da aka yi mana ita za ta riga ki amsawa: "A'a, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, alhamdulillahi." Sai a rubuta 1 inda ya kamata a rubuta 3. Bugu da ƙari, wadda ta shekara biyar a cikin hali ɗaya ta riga ta manta yadda take a da, don haka idan an tambaye ta ko ta daina jin daɗin abin da ta saba jin daɗinsa, da jiya da shekaranjiya take gwadawa, sai ta ga babu abin da ya canza. Wannan ya sa ciwo mai daɗewa ya fi sabon ciwo saurin kuɓucewa ma'aikacin lafiya.

Saboda haka kafin ki koma, ki zauna da takarda da biro a lokacin da yara suka yi barci, ki rubuta tarihin abin. Ba sai kin tuna kwanan wata ba, ki jingina shi da abubuwan da ba a mantawa: kafin sunan ɗanki na uku ne ko bayansa, kafin ku tashi daga tsohon gida ne, kafin wata rasuwa ne ko bayanta. Ki rubuta lokaci mafi tsawo da kika taɓa jin kin dawo daidai a cikin shekarun nan, ki ga ko ya kai wata biyu. Ki rubuta ko akwai watannin da abin ya yi tsanani fiye da kullum, har wanka ko tashi sallar asuba ya zama aiki, domin sau da yawa damuwa mai tsanani takan hau kan mai daɗewar, ta lafa, ta bar ta ƙasan tana nan, mutum ya ɗauka ya warke alhali komawa ya yi ƙuncin da ya saba. Ki kuma rubuta abin da ciwon ya rage miki, ko da kina zuwa aiki: littattafan yara da suke taruwa ba ki duba ba, bikin 'yan'uwa da kike neman uzurin kauce masa, tsawar da kike yi wa 'ya'yanki a kan abin da bai kai ya kawo ba. A ƙarshen takardar PHQ-9 akwai tambaya ta ƙarin bayani a kan yadda alamun suka wahalar da aiki da hidimar gida da zama da mutane, ba a sa mata maki, shi ya sa ake yawan tsallake ta, alhali ga irinki tana daga cikin mafi amfani.

Idan kin shiga wurin likita, kada ki fara da ciwon kai da ciwon jiki, domin da zarar kin fara da su hankalinsa zai tafi ga maleriya, minti biyar ɗinki su ƙare a can. Ki fara da cewa, "Likita, shekara biyar ke nan zuciyata a ƙuntace kusan kullum, ban taɓa samun wata biyu a jere ina jin daidai ba, kuma ina so a duba ni a kan ciwon damuwa." Sai ki miƙa masa takardarki. Idan wurin babu sirri, ki nemi a rufe ƙofa ko a rage mutane, haƙƙinki ne.

Likitan da ya san aikinsa ba zai tsaya a nan ba, zai duba jiki, domin akwai cututtukan da ke kwaikwayon damuwa ko su ƙara mata nauyi. Macen da ta haihu sau huɗu tana fama da kasala, abu na farko shi ne awon yawan jini. Sai gwajin suga, sai kuma gwajin tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke jawo maƙoƙo, domin idan aikinsa ya yi sanyi yakan kawo kasala da jin sanyi da ƙiba da mutuwar zuciya, kuma maganinsa daban ne. Ki tattara duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, na asibiti da na kemis da na gargajiya, saboda wasu magunguna suna taɓa yanayin zuciya, kamar metildofa da ake bayarwa don hawan jini, da ƙwayoyin sitiroyid da wasu mata ke sha don ƙiba. Idan kina shan wani abu don samun barci ko ƙarfin aiki, irin su diyazefam ko tiramadol, ki faɗa ba tare da jin nauyi ba, likita ya ji irinsa sau ba adadi. Game da taifot kuwa, ki sani cewa gwajin Widal guda ɗaya ba hujja ba ne mai ƙarfi a ƙasa irin tamu, yakan nuna alama ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar tun da daɗewa ko mai wani zazzaɓin daban, kuma da shi aka ɗora wa mutane da yawa kwalaben magani a kan ciwon da ba su da shi. Ina jin takaicin kuɗin da iyalai ke zubarwa ta wannan hanya, a lokacin da albashin malamin firamare da ƙyar yake kai tsakiyar wata.

Akwai tambayoyi uku da idan ba a yi miki ba, ke ki ɗauko su. Ta farko, ko kin taɓa yin kwanaki a jere ba kya bukatar barci amma ba ki gaji ba, kina magana da sauri, kina kashe kuɗi ko ɗaukar ayyukan da ba halinki ba. Idan hakan ya taɓa faruwa, ciwon wani iri ne mai hawa da sauka, kuma shan maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi. Ta biyu ta shafi halin da jiharmu take ciki. Shekarun nan na hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane da gudun hijira sun sa idan mutum ya ce yana cikin damuwa sai a ce masa wa ye ba ya ciki, da haka ake rufe bakin masu ciwo na gaske. Idan akwai abin da kika gani ko ya sami naki, kuma yana dawo miki a mafarki, ko kina firgita da ƙarar babur, ko kina kauce wa wata hanya, ki faɗa, domin ciwon firgici yakan zauna tare da damuwa kuma yana da tasa jinyar.

Ta uku ita ce mafi nauyi, ita ce tambaya ta tara a takardar. Duk wanda ya amsa ta da wani abu da ya wuce "ko kaɗan", wajibi ne a zauna da shi a yi magana, komai ƙanƙantar jimillar makinsa. Idan zuciyarki takan raya miki cewa gara ki mutu ki huta, ko 'ya'yanki za su fi samun sauƙi ba ke, ki sani alama ce daga alamun ciwon, tana gushewa idan an yi magani, kuma faɗarta ga likita ba ya ƙara mata ƙarfi. Idan kuwa tunanin ya kai ga shirya yadda za a yi, to ba a jiran ranar asibiti: ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, a fitar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a raka ki sashen gaggawa.

Maganar maigida cewa hali ne tana da gefen da ya kamata a saurara, amma ba ta kai inda ya kai ta ba. Mace tana iya zama mai shiru-shiru, marar son hayaniya, kuma zuciyarta wasai, tana barcinta lafiya, tana ganin ƙimar kanta. Wannan hali ne, ba a yi masa magani. Ke kuwa kin san lokacin da abin ya fara, kin kuma san kina shan wahala, kuma hali ba ya hana barci. Sannan idan har tun kina budurwa akwai wannan ƙuncin, wannan ma labari ne da likita yake bukata, domin ciwon yakan fara tun kafin shekara 21, har mai shi da danginsa su ɗauka da shi aka haife shi. Ina ba ki shawara ki roƙi maigida ya raka ki, ya ji bayani daga bakin likita, domin sau da yawa abin da miji ya ƙi karɓa daga matarsa yakan karɓe shi daga mai farar riga, kuma shi ma yana da abin da ya gani a shekarun nan wanda zai taimaka wa binciken. Surukarki kuwa kada ki ja da ita, uwa ce. Amma ke ki riƙe a ranki cewa Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa tawakkalinsa ya gaza, sannan ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Ki ci gaba da addu'a da azkar ɗinki, ki haɗa da asibiti, babu wanda ya hana ɗaya.

Na san tsoron da ke bayan duk wannan shi ne kada a ce an kai ki asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, mutane su ce kin taɓu. Yawancin masu ciwon damuwa ba a kwantar da su, kati suke yanka su ga likita su koma gida kamar mai hawan jini. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP don horar da likitoci da nas-nas da jami'an lafiya waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gane damuwa su fara jinyarta, kuma an yi irin wannan horo a Najeriya. Ki fara da babban asibiti a nan Gusau, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda za a iya yin gwaje-gwajen jini, idan kuma ana bukatar ƙwararre su za su rubuta miki takardar turawa, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin marar lafiya na a mutunta shi, a tsare sirrinsa, a kuma hana nuna masa wariya.

Dalilin da ya sa na dage a kan tsawon ciwon shi ne yana canza irin jinyar da za a yi. A damuwa marar tsanani ta ɗan lokaci ba a gaggawar ba da ƙwaya, shi ya sa aka ce ki huta. Amma idan ta haura shekara biyu, hutu da "rage tunani" ba su isa ba, dama kuma babu wanda ke iya kashe tunaninsa don an umarce shi. A nan ana duba maganin sha, irin su fulokzetin ko amitiriftilin, da kuma jinyar tattaunawa wadda ƙwararre ke koya wa mutum gane tunanin da ke danne shi da komawa harkokin da ya janye daga gare su kaɗan-kaɗan, kamar ziyarar 'yan'uwa, zuwa Islamiyya, da tafiyar ƙafa da yamma. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2000, a kan mutane sama da 600 masu damuwa mai daɗewa, ya nuna kusan rabin waɗanda aka ba magani kaɗai ko tattaunawa kaɗai sun sami sauƙi, amma a cikin waɗanda aka haɗa musu biyun, kusan kashi uku cikin huɗu ne suka samu. Don haka idan an rubuta miki ƙwaya, ki tambaya ko akwai wanda za ki riƙa zama da shi.

Magungunan nan ba sa aiki kamar farasitamol. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, wani lokaci har shida, kuma 'yan matsalolinsu kamar tashin zuciya ko bushewar baki ko jin barci su ke riga amfanin zuwa, a nan ne mutane da yawa ke jefar da su. Ba sa sa maye, amma ba a yanke su rana ɗaya, kuma bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata tara zuwa shekara, ga mai ciwo mai daɗewa ma likita yana iya ƙarawa. Ki gaya masa idan kina da ciki ko kina shayarwa ko kina da ciwon zuciya, ki tambaye shi lokacin sha idan azumi ya zo, kuma idan amitiriftilin aka ba ki, ki ɓoye shi nesa da yara, domin yawansa yana kisa. Kada ki saya a kemis da kanki saboda kin ga sunansa a nan.

A wannan mataki ne takardar PHQ-9 za ta yi miki amfanin da aka yi ta dominsa. Ki nemi a sake cika ta a ranar da za a fara jinya, ki amsa da gaskiyar abin da kike ji, a rubuta makin a katinki, sannan a maimaita duk lokacin da kika koma. Idan makin ya ragu da rabi, maganin yana aiki. Idan ya sauka ƙasa da 5, an kai inda ake so. Idan kuma an yi mako shida kina sha yadda aka ce babu wani canji, ki koma ki faɗa, domin a ƙara yawansa ko a sauya wani, ko a tura ki ga ƙwararre, tun da ba kowa ne maganin farko yake karɓa ba. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa a dace da likitan da zai saurare ki.